Ƙishin Tasalla a Bakin Tafkin Dogara

A Kwarin Marke ba a yanke wa sarki hukunci yana da rai. Dabbobin wurin suna da ladabi, kuma suna son ransu. Sai ya mutu, ungulaye sun gama aikinsu, rana ta busar da ƙasusuwan, sannan a kira abin da suke ce wa Zaman Ƙashi. A taru a gindin tsohon marke, manya a inuwa, ƙanana a inda inuwar ta ƙare, a auna mamacin. In alherinsa ya rinjaya, a ɗauki ƙoƙon kansa a girke a kan mafi girman abin da ya bari, duk mai amfani da abin ya ambaci sunansa tukuna. In sharrinsa ya rinjaya, a tura ƙoƙon cikin sarƙaƙiya, gara ta yi gida a ciki. Suna alfahari da wannan al'ada ƙwarai. Baƙo in ya zo, kafin a nuna masa wurin kiwo sai an ba shi labarinta, ko da yake babu tsohon da ya tuna ranar da aka taɓa tura ƙoƙon wani cikin sarƙaƙiya.

Al'adar tana da sharaɗi guda. Duk mai ƙara a kan mamaci, tun daga buɗe zama har a kira shi, ba zai taɓa komai daga abin da mamacin ya bari ba. Magabata suka ce rashin kunya ne ka ci moriyar wani da safe ka tona masa asiri da hantsi. Da can sharaɗin bai wahalar da kowa ba. Sarkin da ya bar hanya, sai masu ƙara su ratsa ta cikin ciyawa. Wanda ya bar inuwa, su tsaya a rana. Amma Sarki Dogara, toron giwan da ya mutu bara, ruwa ya bari. Ƙashinsa kuwa bai ga damar bushewa ba sai a tsakiyar bazara, lokacin da ko raɓa babu, kuma in ban da tafkin da ya haƙa ba a samun ɗigon ruwa a ko'ina cikin kwarin.

Cikin waɗanda suka tsaya a layin ƙara har da wata tsohuwar fakara, sunanta Tasalla. Ba ta cika magana ba, kuma ba ta taɓa musun cewa Dogara ya yi aiki ba. Ta yaya za ta yi musu? Shekarar babban fari, tana 'yar tsako, da idonta ta ga barewa tana faɗuwa a tsaye, ta ga kada ya bushe a cikin laka kamar tsohon itace. Dogara ne kaɗai bai gudu ba. Ya durƙusa a busasshen kwari yana tono da haure har ɗaya ya tsage, har ruwa ya ɓulɓulo. Ruwan farko da Tasalla ta tuna ta sha a duniya, daga cikin sawun ƙafarsa ta sha shi.

Sai dai Dogara yana da wani abu da fada take kira zazzaɓin sarki. Shekara-shekara wani baƙin ruwa yakan tsattsafo masa tsakanin ido da kunne, ya gangaro kan kumatu, ya daina cin abinci, ya daina sanin kowa. A irin wannan lokaci ba ya neman zaki, ba ya neman ɓauna. Inda ƙanana suke gida yake nufa, ramin zomo, sheƙar fakara, makwancin bushiya. Bayan ya wuce, fada ta ce waɗanda suka rasu ƙasa ce ta rufta da su, a yi addu'a, a watse. Wata shekara ya bi ta gefen tafki, inda Tasalla da mijinta Shekarau suke da 'yan tsaki huɗu da ba su fara tashi ba. Ita ta fita kiwo. Tana dawowa ta hange shi tsaye a kan gidan, Shekarau ya buɗe fukafukai a gabansa. Ba tuntuɓe ya yi ba. Ya tsaya, ya duba, sannan ya ɗora ƙafa a kansu.

Ranar ta yini tana zagaya wurin tana kiran 'ya'yanta da suna, da irin kiran da take musu in za su fita kiwo, murya ta hau ta sauka, ta hau ta karye. Suda, mawaƙin fada, yana kan reshe yana ji. Bai sauko ba, bai yi mata ta'aziyya ba. Da damina ta faɗi sai ga sabuwar waƙa a bakinsa, Dogara ya haƙa, daji ya sha, kuma karin waƙar babu abin da ya raba shi da kiran Tasalla. Waƙar ta yi daɗi, wannan kam ba a musu. Da ita iyaye suke rarrashin 'ya'ya, da ita garke yake gangarowa mashaya. Tasalla ta tsufa tana jin kukanta a bakin kowa, ana kaɗa kai ana murmushi. Har yanzu in ta sunkuya shan ruwa ta gefen nan, takan ji kamar ƙasa tana tsiyu-tsiyu a ƙarƙashinta, ta ɗaga kai, ta ga babu komai sai laka.

Abin da ya kawo ta layin ƙara ke nan. Ba ta nemi a cike tafki ba, ba ta nemi a zagi kowa ba. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta tsaya a kan ƙasar da 'ya'yanta suke ciki ta ce Dogara ya haƙa kafin a bar ta ta sha.

Alƙali Jinjimi, dogon tsuntsun nan, ya buɗe zama, fari fat da shi, ya zauna kusa da ƙoƙon kan da aka ajiye a tsakiyar fili. Sabon sarki, Tanimu ɗan Dogara, yana tsaye a bayansa yana kaɗa kunnuwa. Alƙali ya tuna wa jama'a tsari: masu yabo su fara, daga babba zuwa ƙarami, sannan masu ƙara, su ma daga babba zuwa ƙarami. Masu ƙara suka dubi juna. Bushiya ce, da wani zomo mai ɗingishi, da damo, da kurege, da 'yan tsuntsayen ƙasa. Babu babba a cikinsu, abin da ya sa alƙali ya ce lallai wannan sarki ya yi zaman lafiya da manyan ƙasarsa.

Ɓauna ya fara, kuma shi gaskiya ya faɗa.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "ni ban iya dogon zance ba. Shekarar fari garkenmu ya rage saura kaɗan. Uwata ta kwanta, ƙuda sun fara bin idonta. Dogara ya tsotso ruwa a hancinsa ya zuba mata a baki, ta tashi. Duk ɓaunan da kuke gani a nan, daga ruwan nan ya fito. Abin da na sani ke nan."

Tasalla ta ji maganar ta shige ta, don ta san ba ƙarya a ciki. Da duk masu yabo irin Ɓauna ne, da an gama kafin azahar. Amma bayansa dorina ta tashi, ta ba da tarihin tafki tun daga gabas har yamma. Raƙumin dawa ya ba da labarin yadda tafkin yake in an hange shi daga sama. Kowane mai yabo in maƙogwaronsa ya bushe sai ya nemi izini, ya gangara ya sha, ya dawo ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Ina na tsaya?" Aka tashi ranar ba a gama da masu ƙaho ba.

Washegari Waziri Dila ya karɓi fili. Ya yi gyaran murya, ya zagaya ƙoƙon kan a hankali, kamar mai tayin kaya a kasuwa.

"Jama'ar Kwarin Marke," ya ce, "ba zan ɓoye muku ba, marigayi yana da zazzaɓi. Mu da muke kusa mun fi kowa sani, mun kuma fi kowa haƙuri. Amma ina so ku tambayi kanku, yaushe ya fi haƙa? Wane lokaci ne yake kwana ya yini yana tono, ba ci ba hutu, har tafkin ya faɗaɗa? Lokacin zazzaɓin ne. Wutar da ta sa shi haƙa, ita ce take sa shi abin nan da ake faɗa. Wanda yake son a raba su, to ya fito ya nuna mana inda za a sa wuƙa. Da sarki mai sanyin hali muka samu, ai da yanzu muna nan kwance da kyawawan halayensa, ƙasusuwanmu suna bushewa tare."

Aka yi ta gyaɗa kai. Kura ta tashi ta ce ita abin da yake ba ta mamaki shi ne masu binciken laifin wani, sai ka ce su ba su da nasu, kuma wa ya san abin da bushiya take yi in ba a kallonta. Aka yi dariya. Bushiya ta dunƙule.

Rana kuwa ba ta san ana zama ba. Tun hantsi ƙasa take ƙuna, iska in ta taso sai ka ce daga bakin murhu. Kurege ne ya fara zamewa, wai zai duba gida. Ya dawo gashin bakinsa a jiƙe, ya zauna cikin jama'a, bai ƙara kallon layin ƙara ba. 'Yan tsuntsaye suka bi ɗaya bayan ɗaya. Zomo ya daure har ya fara ganin abu biyu-biyu, sannan ya matso kusa da Tasalla.

"Iya, ki yafe mini," ya ce. "Ina da ƙanana a rami. In na mutu a nan wa zai duba su?"

"Je ka sha, ɗan nan," ta ce. "Ba ka yi laifi ba."

Ya tafi yana ɗingishi da ƙafar da Dogara ya karya masa. Zalɓe, mai gadin mashaya, ya gan shi, ya aika wa alƙali cewa zomo ya sha, an cire shi daga layi. Babu wanda ya kori kowa, babu wanda ya tsorata kowa. Wannan shi ne abin da alƙali ya fi so game da al'adar.

Da aka tashi hutun tsakar rana, Tasalla ta raɓe a gindin wata geza, baki buɗe, fukafukai a sake. Sai ta ji motsi a reshe. Suda ne, shi ma ya tsufa, gashin wuyansa ya zube, amma muryar tana nan.

"Yaya Tasalla, sannu da ƙoƙari," ya ce. "Me za ki faɗa musu?"

"Abin da ka gani."

Ya gyara gashin fiffike. "Na ga abubuwa da yawa a rayuwata. Amma bari in gaya miki, kuka nawa aka yi a kwarin nan? Wa ya tuna su? Iska ta kwashe. Naki ne kaɗai ya rage, kuma ni na tsare shi. Bayan ni da ke mun zama ƙasa, za a ci gaba da rera shi. Wace uwa ce aka yi wa haka?"

"Ai cire sunayensu ka yi," ta ce. "Ka sa nasa."

"Waƙa ba ta tafiya sai da sunan da jama'a suka sani. Wannan sana'a ce, Yaya, ba za ki gane ba."

Ta so ta ba shi amsa, amma ta ga kowace kalma yawu take ci, ita kuwa yawun ya kusa ƙarewa. Ta rufe baki. Ya jira kaɗan, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya tashi ya nufi tafki.

Zaman ya ci gaba. Aka saurari gwanki, aka saurari biri, aka saurari wani kwaɗo da ya ce shi a tafkin aka haife shi, don haka yana ganin Dogara kamar kakansa. Damo, wanda kowa ya san shi da juriya, ya kai har inda ba a zata ba, sannan wata safiya aka ga wurinsa babu kowa. Bushiya ba ta tafi ba. Ta dunƙule a inda take tun ranar da Kura ta yi mata dariya, da aka zo aka taɓa ta sai aka tarar ta riga ta sandare. Alƙali ya sa aka yi mata addu'a, ya ce abin takaici ne da ba ta samu ta faɗi ƙararta ba, don majalisa a shirye take ta ji kowa.

Tasalla ta tsorata, ba ta ɓoye wa kanta ba. Idonta ya fara yin duhu a gefe-gefe. In ta lumshe shi sai ta ga 'yan tsakin suna bin ta a layi, Auta a baya yana tuntuɓe, in ta buɗe sai ta ga ƙoƙon kan Dogara yana kallonta da ramukan ido, haurensa mai tsagewa yana nuna sama. Ƙanshin ruwa yana zuwa mata daga gangare. Ba ta taɓa sanin ruwa yana da ƙanshi ba sai a wannan zaman.

Da la'asar ɗin ranar ƙarshe alƙali ya ce masu yabo sun ƙare, a kira masu ƙara. Ya duba layi, ya ga fakara guda.

"Matso, Iya. Faɗi abin da ke ranki, ba mai hana ki."

Ta taka har gaban ƙoƙon. Ta buɗe baki, harshe ya manne. Ta sake gwadawa, abin da ya fito bai fi ƙarar busasshen ganye ba.

"Ɗaga murya, Iya, ba a ji."

"Ya haƙa," ta ce. "Na sha. Ban musa ba." Ta haɗiye abin da babu. "Amma ya ga gidana. Ya tsaya ya duba. Mijina yana gabansa. Sannan ya taka."

Na gaba sun ji. Alƙali ya ji, Dila ya ji, Ɓauna ya ji har ya sunkuyar da kai. Na baya kuwa, barewa da gada da samarin gwanki da suka gaji da zama, sai tambayar juna suke me tsohuwar take cewa.

"Al'ada ta ce mai ƙara ya ambaci waɗanda ya rasa," in ji alƙali. "Su waye?"

Sunayen nan Tasalla ba ta taɓa faɗarsu da magana ba. Kiransu take yi, kuma maƙogwaronta hanya ɗaya ya sani. Ta ɗaga kai, ta tattara abin da ya rage mata, ta kira. Nomau. Kande. Murya ta hau ta sauka. Barau. Auta. Ta hau ta karye. Wannan karon ya fita, siriri, ya ratsa fili har baya.

Wata 'yar barewa ce ta fara amsawa, ba da mugunta ba, Allah ya sani. Da karin nan aka yi mata reno, in ta ji shi bakinta yakan motsa da kansa. Na kusa da ita suka ɗauka. Kafin Tasalla ta kai ga sake kiran Nomau, fili duka ya ɗauka, Dogara ya haƙa, daji ya sha, masu ƙaho suna buga ƙasa, dorina tana hawaye. Tasalla ta ɗaga ido ta nemi Suda a kan marke. Shi kaɗai in ya yi tsawa za a yi shiru, shi kaɗai zai iya cewa ga inda waƙar ta fito. Ta gan shi baki a rufe, kamar mai kokawa da wani abu. Sai jama'a suka zo wurin da karin yake karyewa, suka ɓata shi, kamar yadda suka saba ɓatawa. Suda bai iya jurewa ba. Ya buɗe baki ya gyara musu, muryarsa ta hau kan ta kowa, kuma tun da yake waƙa bai taɓa rera ta da kyau irin na ranar ba.

Da aka lafa, Alƙali Jinjimi ya dubi jama'a, ya dubi sabon sarki, ya dubi fakarar da take kwance a gefen ƙoƙon. Ya ce majalisa ta ji kowa. Ya ce an ambaci wani rauni na marigayi, kuma majalisa ba ta ce babu shi ba, amma duk wanda yake nan shaida ne cewa ƙarar ƙarshe da yabo ta ƙare. Ɓauna bai yi waƙa ba, bai kuma ce komai ba. Shi aka ɗora wa ƙoƙon a baya, ya kai shi bakin tafki, aka girke a kan tudun gefen nan, daidai inda sheƙar Tasalla take a da, don wurin ya fi tsayi kuma ana hango shi daga ko'ina.

Tasalla ta bi bayan taro, tana tafiya tana faɗuwa. Da ta iso, manya sun sha sun koma. Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa.

"Iya, kin san doka, sai an ambaci sunansa kafin a sha," ya ce, bai kalle ta ba. "Ni ma aiki aka ba ni."

Ta tsaya. Ruwan yana nan kwance, rana tana kansa. A ƙarƙashin ƙafafunta ta ji tsiyu-tsiyun nan, ko kuwa kunnenta ne, ba ta sani ba. Ta daɗe a haka har Zalɓe ya sauya ƙafa. Ta yi tunanin bushiya, da yadda aka yi mata addu'a aka ci gaba da zama.

"Dogara ya haƙa," ta ce.

Ta sa baki. Ta so a ce ruwan ya yi ɗaci, ko ya yi wari, ko ya tsaya mata a wuya. Ina. Sanyi ƙalau, mai daɗi, kamar ranar da ta fara shansa a sawun ƙafarsa. Ta sha, ta sha, tana jin rai yana dawo mata gaɓa-gaɓa, kuma wannan daɗin ya fi duk abin da aka yi mata a majalisa ciwo.

Da ta ɗago, a can ɗaya gefen tafkin Sarki Tanimu yana tsaye shi kaɗai, bai sha ba, yana kallon ciyayin da fakaru matasa suka yi sheƙa a ciki bana. Wani baƙin layi ya gangaro masa daga tsakanin ido da kunne, yana ƙyalli. Dila yana nesa kaɗan, ya riga ya gani, yana gaya wa Suda a hankali cewa da alama sarki zai faɗaɗa tafki.

Tasalla ta goge baki a ƙasa, ta kama hanyar ciyayin don ta ce musu su kwashe ƙwai. Tana matsowa ta ji wata uwa a ciki tana rarrashin 'yan tsakinta, da waƙar.